Ɗan majalisar bakin iyaka da shingayen hanyar Jibiya

Kusan duk lokacin da jami'an tsaro suka yi arangama da mutanen gari a bakin iyaka, abin da ke biyo baya sananne ne. Ɗan majalisar yankin zai miƙe a zaure ya gabatar da ƙudurin gaggawa, a miƙa wa kwamiti, a ce ya kawo rahoto nan da mako huɗu. Bidiyon jawabin zai zaga Facebook. Direban da ya ɗauko albasa daga Illela kuwa, washegari zai tarar da shingayen nan yadda ya bar su.

Dalilin a bayyane yake: matsayar da majalisa ta cimma kan ƙuduri shawara ce ga ɓangaren zartarwa, ba ta da ƙarfin doka. A Nuwamban 2019 hukumar kwastam ta hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Majalisar Wakilai ta nemi a janye umarnin a watan, amma har 2023 'yan majalisa suna kan roƙon abu ɗaya. Tsawon shekarun nan mutumin Jibiya da na Kamba a hannun 'yan bumburutu suke sayen mai, man kuma bai fasa tsallakawa cikin jarkoki ba.

Iyakar Najeriya da Nijar ta kai kimanin kilomita 1,500, ta ratsa Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno. Galibinta fili ne da gonaki, gidan wa yana wannan ƙasa, na ƙane yana waccan. An rufe ta a Agustan 2019, aka buɗe Illela da Maigatari a Disamban 2020, Jibiya da Kamba sai Afrilun 2022. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, har zuwa Maris 2024. A duka karon biyu ƙofar hukuma ce ta rufe, ɓarayin hanyoyi kuma suka ƙara yawa, kuɗin fito ya tashi.

A nan ne tsaro da kasuwanci suke haɗuwa, kuma nan ne ya kamata ɗan majalisa ya zuba ƙarfinsa. Tsarin shigo da kaya a hukumance an gina shi ne don mai kwantena a Apapa: takardar banki, ejan mai lasisi, tantance daraja ta kwamfuta. Mai buhu goma na wake ko raguna biyar da zai kai kasuwar Maigatari ranar Alhamis ba shi da ko ɗaya daga ciki, ribarsa ma ba ta kai kuɗin ejan ba. Sai ya ba ɗan fito, a ɗora kan babur, a bi ta gona. Wannan turbar ita ce mai safarar bindiga da taramol da shanun sata yake bi. Mutanen ƙauyen sun san kowa da ke wucewa, amma ba za su faɗa ba, domin ranar da aka toshe turbar abincinsu aka toshe. Jami'i kuma, da babura hamsin suka taso cikin dare, ba shi da hanyar gane wanda ya ɗauko gero da wanda ya ɗauko harsashi.

Maganin da aka gwada a gabashi da kudancin Afirka shi ne sauƙaƙan tsari don ƙananan 'yan kasuwa. A wasu ƙasashen COMESA, ƙungiyar kasuwancin ƙasashen yankin, wanda kayansa ba su wuce dala 2,000 ba, kuma suna cikin jerin da ƙasashen biyu suka amince da shi, takarda mai sauƙi yake cikewa a bakin iyaka ba tare da ejan ba. Ɗan majalisarmu yana iya neman a sanya irin wannan cikin Dokar Hukumar Kwastam ta 2023. Gyaran ya fayyace iyakar darajar kaya, da jerin kayan (hatsi, wake, aya, albasa, dabino, dabbobi, kayan masana'antun Kano), da takarda shafi ɗaya da Hausa da Turanci da Faransanci. Kuɗin ya zama ƙayyadadde, a rubuta shi a allo a bakin ƙofa, a biya ta banki ko na'ura, a karɓi rasit. Abu mafi muhimmanci shi ne rasit ɗin ya wadatar a duk shingen da ke gaba. In aka manta da wannan sashe tsarin ya mutu, domin ba wanda zai biya a ƙofa sannan ya ci gaba da miƙa na goro har Katsina.

Manomin shinkafa a Argungu da mai injin casa a Kano suna da hujjar fargaba, tun da shinkafar waje da aka hana shigowa ta ƙasa tun 2016 ta saba zagayowa ta maƙwabta. Amsarsu tana cikin jerin kayan: abin da ba a noma ko sarrafa shi a ƙasashen biyu ba, ba ya ciki. Za a samu masu raba tirela ɗaya gida ashirin don su shige ƙarƙashin iyakar daraja, shi ya sa rajistar 'yan kasuwa ta hannun ƙungiyoyinsu na kasuwa ta zama dole.

Akwai wani giɓi da ba a cika magana a kai ba. Nijar ta fice daga ECOWAS a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da kayan ƙasashen da suka fita kamar da, har zuwa wani lokaci. Wato cinikin Kano da Maraɗi yanzu a kan sanarwar wucin gadi yake tsaye. Hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar tana nan tun 1971, ita ce wurin da ya dace a ƙulla yarjejeniyar ƙasa da ƙasa, sashe na 12 na tsarin mulki kuma ya ce yarjejeniya ba ta zama doka sai Majalisar Tarayya ta amince. Kwamitocin harkokin waje da na kwastam su ne za su matsa.

Batun shingaye kuwa, sashe na 88 da na 89 na tsarin mulki sun ba majalisa ikon bincike da sammaci. A kira shugabannin kwastam, shige da fice da 'yan sanda, kowa ya kawo jerin shingayen da hukumarsa ta amince da su tsakanin Katsina da Jibiya, da tsakanin Sakkwato da Illela, a wallafa. Sannan kwamiti ya bi hanyar ranar kasuwa cikin motar haya, ba jiniya ba sanarwa, ya ƙirga. Ziyarar da kwanturola ya tarbi baƙi da jawabi ba ta taɓa gano komai ba. A kuma nemi a rarrabe kamen shekara: buhun shinkafa nawa, bindiga nawa. Yankin da Lakurawa suka samu gindin zama, kamar Tangaza da Gudu, ya cancanci wannan tambayar fiye da ko'ina.

Sai kasafi. Tun 2003 aka yi dokar Hukumar Raya Al'ummomin Kan Iyaka, don ruwa da asibiti da makaranta da hanya. Ranar kare kasafi, ɗan majalisar bakin iyaka ya bi shi layi-layi: nawa aka ware wa ƙauyukan da ke kan iyaka da gaske, nawa ya tafi ayyukan mazaɓu a garuruwan da ba su taɓa ganin dutsen iyaka ba, kuma cikin abin da aka ware nawa baitulmali ya saki. Haka layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021. Jirgin zai ratsa Jibiya, don haka tun yanzu ya kamata a ga layin kasafi na wurin binciken haɗin gwiwa a can, irin na Seme da Krake a iyakar Najeriya da Benin da aka buɗe a 2018, da na'urar duba kaya, da wutar da za ta riƙe ta, da kuɗin gyaranta na shekara-shekara.