Wai sauraro ba magani ba ne?

Wallahi tun jiya abin yake cina, wannan bawan Allah da ya shiga rediyo yana dariya wai an tara mata ana koya musu "sauraren masu damuwa", wai aikin banza ne, wai kuɗin Nasara ake ci kawai. To madalla babban likita, mun gode da fatawa!

Malam, sauraro magani ne idan an koya shi. A Zimbabuwe wani likita Dixon Chibanda tun 2006 ya fara horar da tsofaffin mata, kakanni dai irin namu, suna zama kan benci a harabar asibiti a unguwar Mbare ta Harare, mai damuwa ya zo su zauna sau 6, ba wa'azi ba faɗa, su taya shi ware matsalolinsa ya ɗauki guda ya fara da ita. Binciken da aka fitar a 2016 ya nuna bayan wata 6, cikin waɗanda suka zauna da kakannin kusan kashi 14 cikin ɗari ne kawai ciwon damuwar bai saka ba, sauran da aka yi wa kulawar da aka saba kuwa kusan rabinsu suna nan da shi. Hukumar lafiya ta duniya ma tana da nata tsarin, zama 5, sau ɗaya a mako, an gwada shi a Peshawar ta Pakistan inda mutane suka sha tashin bam, har yadda ake jan numfashi a hankali idan ƙirji ya cika ana koyarwa.

Wai addu'a ta isa. Wa ya hana addu'a? Da ɗanka ya yi zazzaɓi ai ka tofa masa kuma ka ɗora shi a kabu-kabu ka kai likita. Wai a bar wa ƙwararru. Ƙwararrun su nawa ne a duk Damagaram, ƙirga mini su da yatsu in gani.

Tun 2015 mutanen Diffa da Bosso suke gudun Boko Haram, wasunsu muna tare da su nan. A damanar 2024 ruwa ya kwantar da gidaje, har tsohon masallacin unguwar Birni a nan Damagaram ya faɗi. Na san wata baiwar Allah da ɗakinta ya rufta, har yau in hadari ya haɗo sai ta kwashe yara ta fito tsakar gida jiki na ɓari, a ce mata "ki yi haƙuri" a wuce. Ita wannan wanda zai zauna da ita ya saurare ta take nema, wanda ya iya, ba mai yaɗa zancenta a gidan biki ba.

Af, ku kuma ƴan fada da kuke tura muryar mutumin nan kuna shewa, akwai ɗaya cikinku da ya daina magana sai tramol da shayi, duk kun san shi. Shi tramol ɗin ma wa ke shigo da shi ne har yaro ɗan shekara 15 yake samu a tebur kamar alawa?