"Amma ai bai yi kama ba"

Duk ranar da na saka zanen fuskar mutum a shafin nan, sai wani ya shigo ya ce, "amma ai bai yi kama ba." Jama'a, in kama kaɗai ake nema, wayar da ke hannunku ta wadatar. Abin da ke cin mutum a zuciya shi nake so mai zane ya nuna mini, kuma sau da yawa launi ne ke ɗauko shi.

Mu Hausawa bai ma kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Muna cewa baƙin ciki, muna cewa farin ciki, mu ce wane yana da jan hali. Wa ya taɓa buɗe cikin mutum ya ga baƙi? Amma ba wanda ya ce ƙarya muke yi. To don me in mai zane ya shafa wa fuska kore za mu ce bai iya ba? A 1905 Matisse, mai zane ɗan Faransa, ya zana matarsa Amélie, ya ja kore tun daga goshinta har kan hanci, gefe ɗaya na fuskar ruwan ɗorawa, ɗayan ja-ja. Shi kuwa Picasso, mai zane ɗan Sifaniya, bayan abokinsa Casagemas ya kashe kansa a Faris a 1901, sai da ya yi wajen shekara uku kusan komai nasa shuɗi ne: mabarata, makafi, mata masu tagumi.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Mace Mai Kuka, da Picasso ya zana a watan Oktoban 1937, yanzu yana gidan adana zane na Tate a Landan. Wata shida kafin nan, ranar 26 ga Afrilu, jiragen yaƙin Jamus da Italiya suka yi wa garin Gernika na ƙasar Sifaniya ruwan bama-bamai. Fuskar budurwarsa Dora Maar ya ara, amma kukan na matan garin ne. Ku kalle ta da kyau. Jar hula a kanta da shuɗin fure, kamar wadda ta yi kwalliyar fita unguwa. Kumatunta kore da ɗorawa, irin launin jikin da ciwo ya ci. Daga hanci zuwa haɓa kuma launin ya gudu, sai fari-fat da ɗan shuɗi, haƙora sun datse hankici, fuskar ta tsattsage kamar madubin da ya faɗi a siminti.

Ban ce duk wanda ya watsa fenti a allo ya zama gwani ba. Shi Picasso ɗan malamin zane ne, tun yana ɗan shekara 15 yake zana mutum tamkar zai yi magana. Sai da ya iya gina fuska kafin ya rushe ta, kuma ya san inda zai rusa.

Ranar da mahaifinmu ya rasu, na ga Yaya zaune a bakin ƙofar ɗaki. Bakinta ya karkace, idanunta sun kaɗa sun yi jawur, ta cusa gefen mayafinta a baki ta cije don kada ihun ya fito. Muna da hotunanta fiye da ɗari a waya, na biki da na Sallah, duk sun yi kama da ita. Fuskar da na gani ranar nan kuwa ban sake ganinta ba sai a zanen wani Bature da ya mutu a 1973, tun kafin a haifi Yaya.