Bayarabe ya aiko neman 'yarku, sai me?

A Zariya in saurayi Bayarabe ko Banufe ya turo magabatansa, kafin a tambayi sallarsa da sana'arsa sai ka ji an ce, "Wai ɗan ina ne?" Alhali mai tambayar ma, in aka bi salsalarsa, kakansa zuwa ya yi. Dubi gidajen sarautar Zazzau: Mallawa, Barebari, Katsinawa, Sulluɓawa. Sunayen kaɗai sun ba da labari. Jirgin ƙasa ya kawo mutanen Kudu suka cika Sabon Gari, aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) a Samaru a 1962 ta ƙara kwaso wasu. Jikokinsu a nan aka yanke musu cibiya, wasunsu sun fi 'ya'yanmu iya karin magana.

Ni a ganina ƙabila ba ta kashe aure. Abin da ke kashe shi al'adun da kowane ɓangare ya ɗauka kowa ya sani, don haka ba wanda ya faɗa.

Maganar biki mai sauƙi ce. Sadaki dai shari'a ta yanke mafi ƙarancinsa, rubu'in dinari. Lefe, kayan ɗaki da gara kuwa namu ne, dangin ango suna iya mamakin jin cewa uban amarya ne zai sayi gado da kujeru. Mu ma mukan saki baki in muka ga ango ya kwanta rub da ciki yana gaida surukai. Wannan duk dariya ce, kwana biyu ta wuce.

Rigima tana jiran haihuwar fari. Uwar Bahaushiya ta tanadi itace da ganyen darbejiya, ta sa ran 'yarta za ta zo gida wankan jego ta yi arba'in tana shan kunun kanwa. Uwar miji kuma ta ɗaure kayanta tun daga Ilorin, domin a wajensu ita ce mai zuwa ta yi wa jika wanka. Kowacce tana ganin an raina ta. Ga kunyar ɗan fari: yarinya ta ƙi kiran sunan jaririn gaban mutane, suruka ta ce ba ta son ɗanta ne. Miji yana tsakiya, ya rasa wadda zai ba haƙuri.

Don haka iyaye, ranar sa rana ku ƙara rabin awa a zaure. A yanke inda za a yi jego, da wanda zai raɗa suna, da harshen da za a yi wa yara a gida, tun goro bai ƙare a faranti ba.