Warin Bakin Kare Ciwo Ne, Ba Halitta Ba

A inda na taso, mutumin da ke riƙon kare yakan kula da cinsa da shansa, ya cire masa kaska, idan mai lura ne ya kai shi a yi masa rigakafin ciwon hauka, amma ban taɓa ganin an ɗaga leɓen kare domin a duba dasashinsa ba. Idan bakinsa na wari sai a ce ai haka aka halicce shi. A ƙasar da nake zaune yanzu kuwa, ko ɗingishi ne ya sa aka kai kare wurin likitan dabbobi, da wuya a fito ba a buɗe bakinsa an duba ba. Na daɗe ina auna waɗannan halaye biyu, kuma ina ganin a wannan gaɓa mutanen nan sun fi mu kusa da gaskiya, ko da yake su ma akwai inda suke kuskure, kuma kuskuren nasu ba ƙarami ba ne.

Ɗan kwikwiyo yana da haƙoran farko 28, waɗanda ke zubewa kafin ya wuce wata shida zuwa bakwai, sannan na dindindin 42 su maye gurbinsu, wato ya fi babban mutum mai 32 da haƙori goma. Ramin haƙori irin wanda zaƙi ke yi wa mutane bai cika samun kare ba. Abin da ke cin bakinsa shi ne ciwon dasashi. Kowace rana wata dauɗa mai yauƙi, cike da ƙwayoyin cuta, tana manne wa haƙori, idan ba a goge ta ba cikin 'yan kwanaki sai ma'adinan miyau su daskarar da ita ta zama wannan ɓawo mai ruwan ƙasa da ake gani a gindin fiƙa. Daga nan ƙwayoyin cutar su kutsa ƙarƙashin dasashi, ya yi ja, ya kumbura, ya fara jini. A wannan mataki ana iya warkewa sarai. Idan aka bar shi ya kai ga zaren da ke riƙe da saiwar haƙori da ƙashin muƙamuƙi, to abin da ya zaizaye ba ya dawowa. Likitocin dabbobi sun yi ittifaƙi cewa yawancin karnuka sun riga sun kamu da wani mataki na wannan ciwo kafin su wuce shekara 3, kuma warin da muke ɗauka halitta ce shi ne alamarsa ta farko.

Dalilin da ya sa muke barin abin ya yi nisa shi ne mun ɗauki cin abinci a matsayin shaidar lafiya. Muddin kare ya lashe kwanonsa, mun gamsu. Amma kare dabba ce mai ɓoye ciwo, kuma yunwa takan rinjayi zogi, don haka zai ci gaba da ci ko da haƙorinsa na girgiɗi, sai dai ya koma tauna da gefe ɗaya, ko ya haɗiye ba tauna, ko abinci ya riƙa faɗowa daga bakinsa. Wani yakan riƙa dalalar da miyau, wani ya riƙa susar fuska da ƙafa, wani kuma ya fara gurnani idan an taɓa kansa, sai a ce tsufa ya sa shi faɗa. Wannan ne ya fi damuna, domin dabba ce da ta dogara da mu gaba ɗaya, tana kwana tana tashi da irin raɗaɗin da mutum ba zai jure na dare ɗaya ba. Ciwon kuma ba ya tsayawa a baki. Ruɓar saiwar fiƙar sama na iya huda hanya zuwa cikin hanci, har kare ya riƙa atishawa yana fitar da majina ta ƙofar hanci ɗaya, kuma an ga alaƙa tsakanin tsananin ciwon dasashi da lahani a ƙoda da hanta da zuciya.

Akwai wata fahimta da na tarar a can da nan duka, cewa ƙashi shi ne ke wanke haƙoran kare. Gaskiya ne tauna na kankare wani abu daga saman haƙori, amma farin rufin haƙorin kare bai kai na mutum kauri ba, alhali ƙarfin cizonsa ya fi namu. Babban haƙorin nan na sama da yake yanka nama da shi, wanda ke can baya a ƙasan ido, shi ya fi tsagewa a kan ƙashi mai tauri. Idan tsagar ta kai ga jijiya, ƙwayoyin cuta su shiga, sai a wayi gari da kumburi a ƙarƙashin ido wanda mai kare zai zaci harbin ƙwaro ne. A can ana jefa wa kare ƙashi don ba a san haɗarin ba, a nan kuwa ana sayar da ƙahon barewa da busasshen kofato da roba mai tauri a cikin leda mai kyau, kuma sakamakon ɗaya ne. Ma'aunin da likitoci ke bayarwa mai sauƙi ne: abin da farcenka ba zai iya lotsa shi ba, ya yi wa haƙorin kare tauri.

Kuskuren mutanen nan ya fara tun daga irin karnukan da suke so. An yi ta zaɓen iri har aka samar da ƙananan karnuka kamar Chihuahua da Yorkshire terrier, da masu dakakkiyar fuska kamar pug, waɗanda haƙori 42 ɗin nan ke cunkushe a muƙamuƙin da bai ishe su ba. Su ne ciwon ya fi kamawa da wuri, har a wasu lokuta ƙashin muƙamuƙin ƙasa ya zaizaye ya karye. Sannan akwai ɗabi'ar sayen mafita maimakon yin aiki, inda mutum zai cika kabad da abin tauna da ruwan ɗigawa a kwano ya ɗauka ya sauke nauyi. Wasu daga cikin kayan nan suna da amfani, kuma a Amurka akwai hukumar kula da lafiyar bakin dabbobi mai suna VOHC da ke sa hatiminta a kan waɗanda gwaji ya nuna suna rage dauɗa, amma ko su taimako ne kawai. Mafi muni shi ne kankare haƙori ba tare da an sa kare barci ba, wanda masu gyaran gashin karnuka ke tallatawa. Haƙori zai fito fari, mai kare ya ji daɗi, ciwon kuwa yana nan ƙarƙashin dasashi inda ba a isa a taɓa ba idan dabbar na farke. Wankin gaske sai an sa maganin barci, an ɗauki hoton saiwoyi, an share ƙasan dasashi, an cire haƙorin da ya mutu.

Abin da ya fi komai tasiri shi ne goge haƙora da buroshi mai laushi kowace rana, kuma wannan ba ya buƙatar mutum ya zauna a wata ƙasa ta musamman. Ba sai an wangale baki ba, ɗaga leɓe ake yi a goge gefen haƙora na waje inda suka haɗu da dasashi, musamman fiƙoƙi da manyan na baya, kuma minti ɗaya ya isa. Kada a kusanto da man goge baki na mutane, domin kare ba ya tofarwa, kuma wasu na ɗauke da sinadarin xylitol wanda ke faɗar da sukarin jininsa ya kuma lalata hanta. Idan ba a sami man karnuka ba, buroshi da ruwa zalla sun wadatar, tun da gogar ce ke aikin. Wanda ba ya son miyau ya taɓa fatarsa sai ya sa safar hannu.

An fi samun sauƙi idan an saba wa kare tun yana kwikwiyo, a fara da taɓa leɓe, sannan yatsa, sannan buroshi, ana yaba masa a kowane mataki. Babban karen gadi da bai saba a taɓa fuskarsa ba yana buƙatar haƙuri na makonni, kuma bai kamata kowa ya kai hannu bakin karen da ba a yi wa rigakafin hauka ba. Idan kuwa dasashi ya riga ya kumbura yana jini, ko haƙori na girgiɗi, buroshi zai ƙara masa zafi ne ya sa ya ƙi yarda har abada, don haka likita ya fara gani, gogewa ta biyo baya idan baki ya warke.