Ɗan daudu a layin gwajin ƙanjamau

Kwanaki na raka wata ƙanwata awon ciki, sai ga wani ɗan daudu ya shigo da ɗankwali a kafaɗa, lalle a hannu, yana tambayar inda ake gwajin ƙanjamau. Ma'aikaciyar da ke rubuta suna ta ɗaga murya ta ce, "To, kai zan rubuta ko ke?" Layi ya kwashe da dariya. Bai ce uffan ba, ya juya ya fita. Ban ga ya dawo ba.

Dariyar nan tana da tsada. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da ƙwayar HIV. Binciken 2020 kan rukunan da suka fi fuskantar haɗari kuwa ya samu kusan kashi 29 a tsakanin masu sauya jinsi. Ba kowane ɗan daudu ne zai kira kansa da wannan suna ba, amma ƙyamar da ke hana su zuwa asibiti iri ɗaya ce.

Na san abin da za a ce mini: addini ya hana, doka ma ta hana. Ban zo jayayya da malamai ba. Sai dai tun da Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi a Janairun 2014, mai ɗaurin shekara 14, masu bincike a Abuja suka ga tsoron zuwa asibiti ya ƙaru a cikin waɗanda dokar ta shafa. A shekarar ce kuma aka yi dokar hana nuna wa masu HIV bambanci. Wa ke tuna ta?

Kuma mu daina yi kamar ba mu san su ba. Su ke tuƙa tuwo a tasha, su ke soya kaji a biki. Da yawansu na da mata da 'ya'ya. Wanda ya san yana ɗauke da ƙwayar, ya riƙe maganinsa har ƙwayar ta daina bayyana a jini, ba ya sa wa matarsa. Wanda aka kora da dariya kuwa gida zai koma bai san komai ba.

A da ƙananan cibiyoyi da kuɗin shirin Amurka na yaƙi da ƙanjamau, PEPFAR, ke riƙewa su ne mafakarsu. Tun da Trump ya dakatar da tallafin ƙasashen waje a Janairun 2025 abin ya yi tangal-tangal. Saura asibitin gwamnati, inda hukumar yaƙi da ƙanjamau ta ƙasa, NACA, da ma'aikatun lafiya na jihohi ya kamata su fara da koya wa mai rubuta suna ta cike kati, ta rage murya.