Murɗa tukunyar oksijin ba shi ne ƙarshen aiki ba

A asibitocinmu da dama, da zarar an kawo yaro yana haki, haƙarƙarinsa na lotsawa, sai a jawo tukunyar oksijin, a zura masa roba a hanci, a murɗa. Hankalin uwa ya kwanta, ma'aikaci ya wuce gado na gaba. Lita nawa aka buɗe? Wa zai dawo ya duba? Sau tari babu wanda ya rubuta.

Oksijin magani ne mai ƙa'ida, kuma bayar da shi da ka cin amanar majinyaci ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba yaro oksijin idan wanda ke jininsa ya gaza kashi 90 cikin 100, abin da ake ganewa da 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa. Ido kaɗai ba ya nunawa.

Yawansa ma illa ne. Dattijuwar da hayaƙin itacen girki ya cinye mata huhu, tsakanin kashi 88 da 92 ake so awon oksijin na jininta ya tsaya. In aka wuce gona da iri, gurɓatacciyar iska na iya taruwa a jininta, ta shiga magagi, 'ya'yanta na murna wai Hajiya ta samu barci. Bakwaini kuwa idonsa ke tafiya. A shekarun 1940 da 1950 dubban jarirai sun makance a Amurka da Turai saboda an cika musu oksijin a kwalabar reno, kafin likitoci su gano musabbabin.

Na'urar ma ba a miƙa mata wuya gaba ɗaya. Binciken Jami'ar Michigan na 2020 ya nuna tana ɓoye ƙarancin iska a jikin baƙar fata kusan ninki uku fiye da farar fata. Yatsa mai sanyi ko baƙin lalle na iya ruɗa ta. Dole mai aunawa ya haɗa da ƙirga numfashi da kallon majinyacin.

Za a ce nas ɗaya ce ke riƙe da ɗaki guda cikin dare, ga rashin wuta. Gaskiya ne. A Amurka kula da numfashi sana'a ce mai zaman kanta. Mu nan kan nas aka jibga ta. Sai dai Najeriya na da manufar ƙasa kan oksijin tun 2017, kuma nimoniya, wato ciwon huhu, ta kashe mata yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin 162,000 a 2018 kaɗai, a ƙididdigar UNICEF. Ƙarancin ma'aikata laifin gwamnati ne, amma barin ɗan jinya ya riƙa murɗa tukunya da kansa, ko zare roba daga hancin yaro don kuɗin uba sun ƙare, wannan na asibiti ne.

Shugabannin asibitoci su rataya takarda a kowane gado mai tukunya: awo nawa, lita nawa, ƙarfe nawa, da sa hannun wanda ya duba.