Yadda 641 Ta Jira Ni a Bayan Ƙofa

Ɗan ƙanwata ne ya rubuta 4,294,967,297 a takarda ya miƙo mini, ya ce, "Kawu, tunda ka ce lissafi bai taɓa kayar da kai ba, wannan tana rabuwa, ko kuwa tana cikin lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya da kansu?" Na karɓa da fara'a. Lambar mara ce, ta ƙare da 7, saboda haka 2 da 5 ba su da rabo a cikinta. Alƙalumanta goma kuma da na tara su sun ba ni 59, wadda ba ta rabuwa da 3, sai na sallami 3 ita ma. Har zuwa nan yaron yana kallona da girmamawa.

Kalkuletata alƙaluma takwas kawai take ɗauka, wayata kuwa ya karɓe ta wai don kada a yi maguɗi, sai na koma doguwar rabawa da biro: 7, 11, 13, 17, kowace ta bar saura. Abin da na ɓoye masa shi ne, kafin a tabbatar da lamba irin wannan sai an gwada marasa rabuwa da ke ƙasa da 65,536, su kuwa 6,542 ne cif. Da na kai 631, takarda ta ƙare har na fara rubutu a bayan kalanda, na ajiye biro na yanke hukunci da muryar alƙali cewa lambar ba ta rabuwa.

Ya ce, "Kawu, da ka ƙara ɗaya tak." Mai bin 631 cikin marasa rabuwa ita ce 641, kuma 641 sau 6,700,417 ita ce lambar tawa daidai, babu saura.

Na bayyana masa cewa hukuncina yana da asali, domin masanin lissafi Pierre de Fermat na Faransa ma haka ya zata a 1640. Ya ga 3, 5, 17, 257 da 65,537 duk ba sa rabuwa, sai ya ɗauka cewa ta shida a jerin, wato 2 da aka ninka da kanta har sau 32 aka ƙara 1, za ta bi sahunsu, kuma maganarsa ta zauna har 1732 kafin Leonhard Euler ya rushe ta. Yaron bai ji tausayina ba, ya ƙara da cewa Euler ya nuna duk mai raba wannan lamba sai ta kasance ninkin 64 da ƙarin 1, wato cikin marasa rabuwa 193, 257, 449, 577 da 641 kaɗai ya kamata in gwada kafin in kai ga amsa.

Ina cikin neman amsa sai na ga ya jawo kalandar yana rubuta ta bakwai a jerin, mai alƙaluma ashirin, nan take na tuna cewa ana jirana a waje.